Gonar da Ta Haɗa Malamai

Ranar da aka fara tura ni ƙauye da takardar tambayoyi, ina ɗalibi a sashen labarin ƙasa, aikina bai wuce in auna faɗin gonaki in rubuta abin da aka shuka ba. Takardar tana da gurbi ɗaya tak na sunan shuka. Gonar farko da na shiga kuwa akwai gero, akwai dawa, ga wake yana yaɗo a tsakani, ga gyaɗa a gefe, ga kuma gawo guda uku a tsaye. Na ce wa mai gonar, "Baba, wannan gonar mece ce?" Ya ce, "Gonata ce, Malam." Na sake tambaya, wanne ne babban abin da ya shuka. Sai ya yi mini bayani a tsanake: geron na cin farkon kaka ne, dawar ta rumbu ce, harawar waken ta tumaki ce, tumakin kuma su ne takin baɗi. Ban sami abin da zan rubuta a gurbin nan ba. Daga baya na gane cewa matsalar da ta tsayar da ni a ranar ita ce ta haifi fagen da na yi rayuwata a cikinsa.

Yau ana kiran fagen nazarin ci gaba mai ɗorewa, kuma ɗalibaina da yawa suna zaton daga Turai aka kawo shi a shirye. Suna fara tarihinsa daga rahoton Brundtland na 1987, su bi ta taron Rio na 1992, su sauka a kan muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015. Duk waɗannan sun faru, kuma sun ba fagen suna da kuɗi. Amma a nan arewa aikin ya girmi sunan.

Tashar binciken noma ta Samaru ta fara aiki tun 1922, aka haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Hankalin masana na lokacin ya fi karkata ga auduga da gyaɗa, kuma shawararsu ga manomi ita ce ya shuka abu ɗaya a gona ɗaya, layi-layi. Manomi ya saurara, ya yi godiya, ya koma ya ci gaba da gaurayawa. Aka ɗauki wannan a matsayin taurin kai. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya zo Samaru, shi da abokan aikinsa suka bi gidaje a ƙauyukan Zariya, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta wa ya je gona, awa nawa ya yi, me aka girbe. Lissafin ya nuna manomi ne da gaskiya. Gonar da aka gauraya ta fi kawo amfani a kan kowace eka, ta fi biyan wahalar hannu a watannin noma da ma'aikata ke ƙaranci, kuma idan damina ta yi gardama ba a tashi hannu rabbana. Wannan sakamako ya tilasta wa masanin iri da masanin ƙasar noma su zauna teburi ɗaya da masanin tattalin arziki da mai nazarin zamantakewa, domin babu ɗayansu da zai iya bayyana gonar shi kaɗai.

A daidai lokacin Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya daga 1962 kafin ya koma Jami'ar Bayero a 1979, yana zagaya karkarar Kano. Abin da littattafai ke faɗa shi ne idan mutane suka yi yawa ƙasa za ta mutu. Karkarar Kano kuwa tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, ana noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, kuma ba ta mutu ba. Jakai suna shiga birni da itace su fito da shara da toka a mangala. Ana ɗaure dabbobi a gida da damina, a ciyar da su harawa da karmami, a kai takinsu gona da rani. Kowace bishiya tana da mai ita. Duk wanda ke son fahimtar wannan sai ya san sinadarin ƙasa, ya san farashin taki, ya san yadda ake rabon gado.

Sai fari ya zo, na 1972 zuwa 1974, ya dawo da ƙarfi a 1984. A nan ne fagen ya sami gwajinsa na gaske, kuma a nan nake ganin aka fi yin aikin da ya cancanci a tuna. Duniya ta rungumi labarin kwararowar hamada, aka yi babban taro a kai a Nairobi a 1977. Labarin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1930 wani masanin gandun daji, Stebbing, ya ce Sahara na cinye arewacin Najeriya, har aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa ta zagaya kan iyaka, ba ta tarar da abin da ya faɗa ba. Mortimore bai tsaya gardama a ofis ba. Ya riƙa komawa ƙauye ɗaya, Dagaceri, shekara bayan shekara, yana rubuta wanda ya tafi cin rani, wanda ya sayar da akuya, wanda ya koma shuka gero mai saurin nuna, da abin da ya faru da ciyawa bayan ruwa ya dawo. Littafinsa na 1989 a kan fari daga nan ya fito. Michael Watts kuma, a littafinsa na 1983, ya ja hankali zuwa wani gefen: rashin ruwan sama kaɗai ba ya kawo yunwa, sai an haɗa da haraji da bashi da farashin hatsi. Malamanmu sukan sa mu karanta su biyun a mako ɗaya, mu yi ta musu har a tashi. Har yau ina ganin kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya.

Dausayin Haɗeja da Nguru ya koya mana wani darasin. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, a kan kogunan da ke ciyar da dausayin, don noman rani da ruwan sha. Injiniya ya lissafa abin da za a samu a sama, ba a lissafa abin da za a rasa a ƙasa ba: shinkafar fadama, kifi, kiwon rani, itace, da rijiyoyin da ambaliya ke cika wa ciki. Da masana ruwa da masana tattalin arziki suka haɗa lissafi, sai aka ga ruwan da aka bari ya malala dausayi ya fi kawo amfani a kan wanda aka tsare. Ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa daga baya ta tabbatar da cewa taɓa kogi a Kano yana isa har tukunyar masunci a Yobe.

A 2012 Jami'ar Bayero ta kafa cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, da tallafin Gidauniyar MacArthur, bayan shekara biyu kuma ta shiga jerin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke tallafawa. Ɗalibai daga ƙasashe maƙwabta suna zuwa digiri na biyu da na uku. Wanda ya taso a Maraɗi yakan zo da sanin sassaben zamani a hannunsa, wato barin kututture ya tofo a gyara shi ya zama bishiya, dabarar da ta bazu tun shekarun 1980 ta mayar da itatuwa a miliyoyin hekta na gonakin Nijar. Irin wannan ɗalibi shi ke koya wa aji a ranar.

Akwai abin da har yanzu yake ci mini rai. A wata jami'a da na yi aiki, na ga matashiyar malama ta kwashe shekara uku tana bincike da mata masu tara harawa, ta haɗa awon ƙasa da hirar tsakar gida. Da lokacin ƙarin girma ya yi, kwamiti ya ce takardun ba na sashenta ba ne, ɗaya sashen ma ya ce ba nasa ba ne. Shekarar da ta biyo baya ta koma rubuta abin da ke shiga gurbi ɗaya. Tallafin bincike kuma yawanci na shekara uku ne ko biyar, alhali abin da aka gano a Dagaceri ya ci fiye da shekara goma ana komawa.

Saboda haka duk damina nakan roƙi mota, in haɗa ɗaliban sashe uku ko huɗu, mu fita bayan Gezawa. Nakan hana su fito da takarda a ranar farko. Bara wata ɗalibar kimiyyar ƙasa ta tsuguna ƙarƙashin gawo ta tambayi mai gonar me ya sa geron nan ya fi na can tsayi. Ya ce mata, "'Yata, gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma a nan shanu ke kwana." Ta ɗebi ƙasa daga wurin da kuma daga tsakiyar gona, ta ɗaure a leda biyu, ta ce za ta dawo masa da sakamakon bayan girbi.