Saɓanin Malamai Kan Sunan Mutanen Ingila na Dā

Sa'ad da Bede, malamin Kirista mazaunin gidan ibada na Jarrow, ya kammala littafinsa na tarihin coci a shekara ta 731, ya ruwaito cewa ƙabilu uku, Angil da Sakson da Jut, su ne suka haye teku daga nahiyar Turai zuwa tsibirin Birtaniya, amma a sunan littafin ya tara su duka ƙarƙashin Angil. Marubutan nahiyar, irin su Bulus Dikon, su ne suka riƙa gwama sunayen biyu, Angil da Sakson, domin su bambanta Sakson na tsibiri da 'yan'uwansu da suka saura a Jamus. Sarki Alfred ya ɗauki wannan gwamammen suna, Angulo-Sakson, a laƙabinsa bayan da birnin Landan ya shiga hannunsa a 886, sannan jikansa Athelstan, da ya haɗa ƙasar Ingila a 927, ya kira kansa Sarkin Angil kurum, alhali jama'a kuwa a harshensu Angelcynn suke kiran kansu.

Bayan Normandawa sun ci ƙasar a 1066 sunan Angulo-Sakson ya kwanta, har masu binciken tsofaffin littattafai suka raya shi a ƙarni na 16. Amma a ƙarni na 19 ma'abota asabiyya a Ingila da Amurka suka mai da shi hujjar fifita jininsu bisa sauran bani Adama, wanda kuwa zalunci ne ga rayayyu, ƙarya ce kuma ga matattu.

Wannan gado shi ya haifi saɓanin 2019, lokacin da Mary Rambaran-Olm ta ajiye muƙaminta a ƙungiyar masanan fannin Angulo-Sakson ta duniya, ƙungiyar kuma ta sauya sunanta, yayin da waɗansu malamai, galibinsu na Birtaniya, suka sa hannu a wasiƙa suna cewa ba a yar da sunan da ke da asali a takardun sarauta don jahilai sun ɓata shi. A 2024 mujallar fannin da Jami'ar Kambirij ke bugawa ita ma ta sauya suna.

Abin da nake gani shi ne, amanar masanin tarihi ita ce ya kira mutane da sunan da suka kira kansu, ya ambaci laƙabin Alfred inda nassi ya ambace shi, ya kuma bayyana wa almajiransa wanda ya ɓata shi da dalilinsa, domin share suna ba tare da bayani ba yakan bar jahilcin da ya jawo ɓarnar a inda yake.