Daga zare waya zuwa lamba 204: tarihin shingen da ke tsayar da manhaja

Idan ka taɓa rubuta manhaja, ko da ƙarama ce, ka san irin ranar nan da komai ya yi daidai a ido amma amsa ta fito a karkace. Kwamfuta tana aiwatar da biliyoyin umarni a daƙiƙa guda, babu idon da zai bi ta. Dole sai an tsayar da ita a wani wuri, a leƙa abin da ta riƙe a wannan lokacin, sannan a sake ta. Wannan wurin tsayawa shi za mu kira shinge a nan, don ya yi kama da shingen bincike a kan hanya: mota ta iso, a tsayar, a duba, a ɗaga mata hannu ta wuce.

Asalin abin da hannu ake yin sa. Kwamfutar ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1946, ba a rubuta mata umarni yadda muke yi yau. Wayoyi ake jonawa daga wannan sashe zuwa wancan. Mata shida ne suka fara wannan aiki, kuma ɗaya daga cikinsu, Betty Holberton, ita ake danganta wa dabarar shinge. Idan ana so lissafi ya tsaya a wani mataki, sai a zare wayar da ke kai saƙo mataki na gaba, na'ura ta tsaya cak, a karanta lambobin da ke kan fitilunta.

Labarin ƙwaron da aka ciro daga na'urar Harvard Mark II a 1947 aka manna a littafin aiki ya shahara, ba sai mun daɗe a kansa ba. Injiniyoyi dai sun riga sun saba kiran matsalar na'ura da sunan ƙwaro tun zamanin Edison. Abin dariyar shi ne sunayen da suka biyo baya. A jami'ar MIT, manhajar farautar kuskure ta kwamfutar TX-0 sunanta FLIT, sunan maganin feshin sauro da har yau wasu a Najeriya ke kiran feshin da shi. Wadda Alan Kotok ya rubuta wa PDP-1 a 1961 kuwa aka sa mata DDT, wani maganin ƙwarin.

To, da umarni ya koma zama a cikin ma'adanar kwamfuta, babu sauran wayar da za a zare. Sai aka koma ga wata dabara wadda, a gaskiya, ha'inci ce mai amfani. Manhajar farauta tana zuwa daidai wurin da ka ce a tsaya, ta ɗauke umarnin da ke nan ta ɓoye, ta ajiye wani na musamman a madadinsa. A kan furosesa irin na Intel, tun daga 8086 na 1978, wannan umarni shi ne INT 3, tsawonsa bayit ɗaya tak, lambarsa 204, wadda masu sana'ar ke rubutawa CC. Ba banza aka yi shi gajere haka ba. Da ya kai bayit biyu ko uku, zai iya taka umarnin da ke maƙwabtaka da shi, kuma wataƙila wani sashen manhajar yana tsallakowa kai tsaye zuwa wannan maƙwabcin, ya tarar da shi a lalace.

Da furosesa ya taka 204, sai ya miƙa wuya ga tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, shi kuma ya sanar da manhajar farauta. A Unix hanyar wannan sanarwa ita ce ptrace, wadda ta zo da fitowa ta shida a 1975, kuma har yau Linux na amfani da ita. A kan wannan tushe Richard Stallman ya rubuta GDB a 1986, cikin aikinsa na GNU, ya sake ta da tushenta a buɗe, kowa ya karanta, kowa ya gyara.

Yanzu ka lura da wahalar da ke ciki. GDB ta taɓa abin da aka ce ta sa wa ido, saboda haka dole ta share sawunta. Bayan tsayawa, alamar da ke nuna inda furosesa ya kai ta riga ta gota da bayit ɗaya, sai an mayar da ita baya. In ka ce a nuna maka abin da ke ma'adana a wurin, dole ta nuna maka umarnin asali. In ka ce a ci gaba kuma, sai ta mayar da umarnin asali, ta bar furosesa ya yi taku ɗaya kacal, ta sake dasa 204 don zagaye na gaba, sannan ta saki manhajar.

Me zai faru idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kuskure? Mafi munin sakamako shi ne shiru. Ka sa shinge, manhaja ta gudu har ƙarshe ba ta tsaya ba, sai ka yanke hukuncin cewa ba ta bi ta nan ba. Ka kwashe kwana biyu kana haƙa a wani wuri, alhali ta bi ta nan ɗin, shingen ne bai kama ta ba. A ganina duk gyare-gyaren da suka fi muhimmanci a tarihin GDB a wannan fanni, maganin wannan shirun suke.

Ɗauki misalin harshen C++. Akwai wani yanki na umarni da ke gina kowane sabon abu a manhaja, kuma GCC, mai juya rubutunka zuwa harshen na'ura, yakan fitar da kwafinsa fiye da ɗaya daga layi guda da ka rubuta. Tsohuwar GDB ta ɗauka kowane layi gida ɗaya gare shi. Sai ta dasa shinge a kwafi ɗaya, manhaja kuma ta bi ta ɗayan. Shekaru masu rubuta C++ suna fama da wannan, har GDB 6.8 ta fito a 2008 da shinge guda mai mazauni da yawa. Kafin nan, a 2004, GDB 6.1 ta kawo shinge mai jiran gado: idan sashen da kake so bai riga ya shigo ma'adana ba, sai ta riƙe buƙatarka har ya iso.

Amma wadda ta fi daɗin bayani ita ce matsalar zaruruwa. Manhajar zamani takan raba aikinta gida-gida, kowane yana gudu a lokaci guda, ana kiran kowanne zare. Tuna ɗan lokacin nan da aka ɗage 204 don zare ɗaya ya yi takunsa. Ai shinge a buɗe yake. Duk wani zaren da ya iso a wannan ƙiftawar ido zai wuce abinsa, babu wanda ya gan shi.

Tsohon maganin GDB shi ne ta daskarar da kowa da kowa, ta bar zare ɗaya ya taka, sannan ta sake su. Wannan ya wadatar a kan kwamfutar ɗalibi. Amma ka yi tunanin na'urar kamfanin waya da ke riƙe da kiran dubban mutane: ka tsayar da dukkan zaruruwanta don ka duba guda, kira ya yanke, sauran na'urori su ɗauka ta mutu, kuskuren da kake nema ma ya ɓace cikin hargitsin da ka jawo. Shi ya sa kamfanin Ericsson ya ɗauki nauyin injiniyoyin CodeSourcery su koya wa GDB tsayar da zare ɗaya sauran na gudu. Aikin ya fito a GDB 7.0 a watan Oktoba na 2009.

Dabarar da suka bi ita ce kada a ɗage shingen sam. A bar 204 a inda take. A kwafi umarnin asali zuwa wani ɗan fili na daban a ma'adana, a kai zaren can ya yi takunsa ɗaya, a dawo da shi bayan shinge kamar ta nan ya bi. Kamar dai a ratsa da mota ɗaya ta gefen hanya, sandar shinge tana nan a gicciye.

Da sauƙin faɗa, sai dai wasu umarnin sun dogara da inda suke zaune. Umarnin da ke cewa "tsallaka gaba da bayit 20" zai kai ka wani wuri dabam idan daga filin aro aka aiwatar da shi. Wanda ke kiran wani sashe yakan ajiye adireshin dawowa, kuma adireshin filin aron zai ajiye, sai an bi an gyara. A furosesa masu bit 64 na Intel da AMD abin ya ƙara yawa, domin umarni da dama suna nemo bayanai ne ta lissafi daga mazauninsu. Kowane irin furosesa, ARM ne ko PowerPC, sai da aka zauna aka rubuta masa nasa gyaran, umarni bayan umarni. Irin aikin nan ne marar armashi da ba ya shiga labarai.

Akwai fa wata hanyar da ba ta taɓa umarni ko kaɗan. Tun daga 80386 na 1985, Intel ta sa wa furosesa wasu gurabe da za a rubuta adireshi, shi da kansa ya tsaya in ya isa. Guda huɗu ne kawai, har yau, shi ya sa 204 ba ta yi ritaya ba.

In kana da Linux, gwada da kanka. Rubuta 'yar manhajar C da ke buga bayit na farko na wani sashenta, ka gudanar da ita haka nan, ka rubuta lambar da ta fito. Sannan ka buɗe ta a GDB, ka ba da umarnin break tare da alamar tauraro kafin sunan sashen, don shingen ya sauka a kan bayit na farko daidai. GDB za ta ci gaba da nuna maka lambar asali in ka tambaye ta, amma manhajar da kanta za ta buga 204. Da wannan binciken ne wasu miyagun manhajoji ke gane cewa ana bibiyarsu, sai su yi lamo.