Hoto da Takarda a Binciken Tarihin Tawa da Arewacin Adar

Mai binciken tarihin Tawa yana tarar da shaidunsa warwatse a wuri uku. Takardun kumandan na Tawa, wato rahotannin rangadi da na ƙidayar jama'a da lanho, suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai. Waɗanda aka aika wa gwamna janar suna Dakar, waɗansu kuma suna Aix-en-Provence a Faransa. Dalilin wannan rarrabuwa shi ne tsarin mulkin mallaka: an kafa yankin soja a 1900, ya zama Nijar ta mulkin farar hula a 1922, aka mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926.

Amfanin takardun nan shi ne shekara da adadi. Amma wanda ya rubuta su baƙo ne, ta bakin tafinta yake ji, kuma abin da ya dame shi haraji ne da zaman lafiyar hanya. Bayanan tarihi da tafinta Landeroin ya tattara lokacin aikin shata iyaka na Tilho, daga 1906 zuwa 1909, sun fi karkata ga jerin sarakuna. Ba a cika jin muryar manomi ko maƙeri a ciki ba.

Akwai kuma matsalar da ta shafi masana harshe kai tsaye, wato rubutun sunaye. Bafaranshe ya rubuta Tahoua ko Taoua a madadin Tawa, Bouza a madadin Buza, Barmou a madadin Barmu, ya kuma zubar da lanƙwasar Ƙonni. Gari ɗaya yakan fito da rubutu biyu ko uku, har mai karatu ya zaci garuruwa ne dabam-dabam.

Shi kuwa hoto, siffa yake bayarwa: ginin rumbu, bakin rijiya, yanayin kasuwa, rawanin sarki. Hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekarun 1950 suna nuna iyakar gari da gonakinsa kafin farin 1973. Sai dai sau da yawa abin da aka rubuta a bayan tsohon hoto bai wuce sunan ƙabila ba. Mutumin da ke ciki ba shi da suna, sai in an kai hoton gaban dattawan tsofaffin unguwanni irin su Bilbis, su ce wane ne, ɗan wane.

Ayyuka biyu da suka fito a Études nigériennes a 1975 sun nuna hanya. Djibo Hamani ya gwada rubuce-rubucen Larabci da labarun baka a kan Adar kafin zuwan Turawa, har da sarautar zuriyar Agabba ta Illela. Nicole Echard kuwa ta bi tarihin manoma Azna daga bakinsu.

Saboda haka aikin da ke gaban masu bincike da masu tsara yaƙi da jahilci guda ne: a kwafi takardun, a kai hotunan ƙauyuka, a ɗauki bayanin dattawa, a rubuta sunaye bisa ƙa'idar Hausa tare da rubutun Faransanci a gefe. Daga nan ne za a samu littattafan karatu da manomin Adar zai ga garinsu a ciki. Jinkiri yana da tsada, domin gara na cin takarda, masu gane fuskokin da ke cikin hotunan kuma suna ƙarewa.