Malam Abdullahi na Gwandu: Malanta da Gudun Duniya a Gidan Mulki

A cikin shugabanni uku da suka ja ragamar jihadin ƙarni na goma sha tara a ƙasar Hausa, wato Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da Muhammadu Bello ɗan Shehu, Abdullahi ne wanda mulki ya fi zame wa kaya mai nauyi, duk da cewa shi ne ya jagoranci runduna a manyan yaƙe-yaƙen farko, kuma shi aka danƙa wa yammacin daular da cibiyarta take Gwandu, garin da yake cikin Jihar Kebbi a yau. Wanda ya bi rayuwarsa daki-daki zai tarar da cewa malanta ita ce sana'arsa ta asali, kuma zuhudu, wato janye zuciya daga kwaɗayin abin duniya da taƙaita amfani da shi ko da halal ne, shi ne ma'aunin da ya riƙa auna kansa da abokan tafiyarsa da shi, har ta kai ma'aunin ya raba shi da su na wani lokaci.

An haife shi wajen shekarar 1766 a cikin zuriyar Toronkawa, Fulanin da suka shahara da karatu, kuma Shehu ya girme shi da kimanin shekara goma sha biyu. Abin da aka sani game da karatunsa daga alƙalaminsa ya fito, domin a shekarar 1812 ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu da littattafan da ya karanta. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, sannan yana ɗan shekara goma sha uku aka miƙa shi ga yayansa, wanda ya karantar da shi Ishiriniya da Witiriya, waɗanda waƙoƙin yabon Annabi ne, da waƙoƙin mawaƙa shida na Larabawan kafin Musulunci, da littattafan tauhidi na Sanusi, da Ajurumiya a fannin nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fannin fiƙihun Malikiyya. Daga baya su biyun sun zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, sun kuma saurari Sahihul Buhari a wurin Muhammadu ɗan Raji. Duk wanda ya san makarantun zaure na Gwandu da Kalgo da Jega zai gane cewa wannan jerin bai tsufa ba, domin har yanzu da Ahalari da Ishmawi ɗalibi yake farawa kafin ya kai ga Risala.

Shekarun yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara su ne suka fito da shi fili a matsayin mai kare koyarwar yayansa da alƙalami. Lokacin da wani malami mai suna Mustafa Goni ya soki Shehu da waƙa a kan barin mata su halarci majalisin wa'azi tare da maza, Abdullahi aka sa ya mayar da martani, shi kuma ya kafa hujjarsa a kan cewa barin mata cikin jahiltar addininsu ya fi cutarwa, kuma idan cuta biyu suka haɗu shari'a tana ɗaukar mafi sauƙi. A cikin wannan zamanin ne kuma, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar sallar layya ya raba musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiyar, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a sauƙaƙa wa talakawa haraji, a saki waɗanda aka ɗaure. Matashin da ya tashi a irin wannan makaranta ba abin mamaki ba ne ya ɗauki ƙin kyautar sarakuna a matsayin alamar malamin gaskiya.

Bayan hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, shi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a, shi ne kuma ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar, inda aka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. A 1805 ya ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, jama'a suka sami damar kafa sansani a Gwandu. Sai dai tun nasara ba ta zauna ba ya fara ganin abin da ya tayar masa da hankali. Kafin yaƙin Alwasa, wanda aka yi a ƙarshen wannan shekarar kuma jama'a suka sha kashi a cikinsa, mayaƙa sun wawashe garin Kwalde alhali akwai amana tsakaninsa da su, ba su kuma saurari hanin shugabanninsu ba. Da yawa daga cikin malamai da mahaddatan da aka yi hijira da su sun riga sun kwanta dama a yaƙin Tsuntsuwa da na Alwasa, waɗanda suka cike gurbinsu kuwa ganima ce ta kawo da yawansu.

A 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, babban birnin Gobir, ya sulale daga cikin runduna da 'yan mutane kaɗan ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A cikin Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tattara waƙoƙinsa da bayanin dalilan yin su a 1813, bai ɓoye abin da ya kore shi ba: ya zargi mutanen zamaninsa da mayar da hankali ga neman sarauta da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa da dawakin hawan gari, da cin dukiyar marayu da karɓar rashawa, da barin masallatai da makarantu. Abin da ya ƙara wa wannan suka nauyi shi ne cewa bai tsame kansa daga cikinta ba. Tafiyar ba ta wuce Kano ba, domin mutanen garin sun riƙe shi suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a, sai ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya kuma karantar da su tafsirin Alƙur'ani, daga nan ya komo gida. Ana iya cewa Kano ce ta nuna masa cewa maganin abin da ya gudu dominsa yana cikin karantarwa, domin daga wannan lokacin rubuce-rubucensa a kan shugabanci suka yawaita, ciki har da Liya'us Sultani da Liya'us Siyasati.

Tsananinsa ya kai shi ga saɓani da Shehu kansa a kan mas'aloli da dama, kuma an yi saɓanin ne a rubuce, littafi yana amsa littafi. Abdullahi ya ƙyamaci amfani da laƙabin sarauta irin na sarakunan da aka kawar, yana tsoron kada shugabanci ya koma gado da fin ƙarfi. Ya tsananta a kan kayan kiɗa, da kan shugabanni su sa tufafin alharini ko ado na zinariya. Shehu, a littattafai irin su Najmul Ihwani, ya zaɓi sassauci a inda malaman farko suka yi saɓani, yana ganin bai kamata a ƙuntata wa jama'a a kan abin da ba a haɗu a kan haramcinsa ba. Ta fuskar riƙe daula mai faɗi ra'ayin Shehu ya fi dacewa da hali, amma tarihin masarautun da suka biyo baya, inda kakaki da tambari da gadon sarauta suka dawo daram, ya nuna cewa tsoron Abdullahi ba na banza ba ne.

A nan yana da amfani a waiwayi Ingila ta wannan ƙarnin, inda aka sami mutane masu kamun kai irin na malaman Gwandu. A 1832 wasu mutum bakwai a garin Preston, ƙarƙashin Joseph Livesey, suka rattaba hannu a kan alkawarin barin duk wani abin sha mai sa maye, sannan a 1847 aka kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa cin nama a Ramsgate. Isaac Pitman, malamin makarantar da ya ƙirƙiro hanyar rubutun gaggawa a 1837, wadda daga baya akawuna da sakatarorin Nijeriya suka koya, ya bar giya da nama tun yana saurayi, ya rayu shekara 84, shi kuwa Livesey ya kai 90, kuma irin wannan tsawon rai shi ne hujjar da masu ra'ayinsu suka fi kafawa. Bambancin da ke tsakaninsu da malaman Gwandu a fili yake. A Ingila doka ta halatta giya, don haka sai da ƙungiya da takardar alkawari da lacca aka yaƙe ta. A Gwandu kuwa shari'a ta riga ta yanke hukunci a kanta, nama kuma halal ne da ake yankawa ranar layya da ranar suna, ba wanda zai haramta shi a cikin al'ummar makiyaya. Saboda haka kamun kan Abdullahi bai tsaya a kan abin da ke cikin akushi ba, ya fi karkata ga tambayar ta ina abin ya fito, da haƙƙin wane ne a cikinsa, kuma sakamakon da ya sa a gaba na lahira ne, tsawon kwana bai shiga lissafinsa ba.

A 1812 Shehu ya raba kula da daula, ya ba Bello gabas ya ba Abdullahi yamma, yankin da daga baya ya haɗa da Nupe da Ilori da Yawuri, ya miƙa har Liptako a ƙasar Burkina Faso ta yau. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, Abdullahi ya koma Gwandu, aka yi 'yan shekaru babu jituwa tsakanin baffa da ɗa, har sai da mutanen Kalambaina suka yi tawaye Bello ya kawo ɗauki, bayan an ci garin Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Daga nan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu yawancin harkokin mulki da na yaƙi, ya koma ga abin da ya fi so.

Mafi girman aikinsa shi ne tafsirin Liya'ut Tawili, wanda ya kammala wajen 1816, aka kuma buga shi a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu. Da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai zurfi, sai ya taƙaita shi a wani tafsirin mai suna Kifayatu Lu'afa'is Sudan, inda ya tsaya a kan ruwayar Warshu, wadda da ita ake karatu a allunan ƙasar Hausa, da kuma mazhabar Malikiyya. Wannan aiki ne na malamin da ya san gwargwadon waɗanda ke zaune gabansa. Ya tsara nahawu cikin waƙa a Baharul Muhiɗi, da sarfu, wato ilimin yadda kalmomin Larabci suke jujjuyawa, a Hisnur Rasini, domin waƙa ta fi zube sauƙin hadda. A Lubabul Madhali kuma, wanda ya tsamo daga littafin Ibnul Hajji, ya yi bayanin ladubban malami da ɗalibi. Ya rasu a Gwandu a 1829 yana ɗan shekara sittin da 'yan kai, kuma hubbarensa yana nan a garin ana ziyartarsa.

Gadon zuhudun ya fi bayyana a kan ɗansa Halilu, wanda ya riƙe Gwandu tun daga cikin shekarun 1830 har zuwa 1858. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya iso garin a watan Mayu na 1853, Halilu bai yarda ya gana da shi ba, Barth kuma ya bayyana shi a matsayin mutumin da ya keɓe kansa don ibada, yana ganin wannan keɓewar ta raunana mulki a daidai lokacin da Kabawa, waɗanda suka ɗaga tuta tun 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, suke matsa wa hanyoyin ƙasar daga Argungu. Hukuncin Barth na baƙo ne da aka hana shi ganin sarki, amma ya taɓo matsalar da Abdullahi ya rayu da ita, wato yadda mai gudun duniya zai riƙe ƙasar da take bukatar dawaki da haraji. Duk da haka a wannan Gwandun ne Barth ya sami aron kwafin Tarihus Sudan, tarihin daular Songhai da birnin Tambutu, ya zauna kwanaki yana kwafar sassansa, ko da yake ya yi kuskuren jingina shi ga Ahmad Baba alhali Abdurrahman Sa'adi ne ya wallafa shi. Turawan mulkin mallaka sun mayar da fadar masarautar Gwandu zuwa Birnin Kebbi bayan rikicin Satiru na 1906, kuma fadar tana ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo har yau, haka ma babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.