Tsatsar mota: Abin da mai saye a Orozo ya kamata ya duba kafin ya biya kuɗi

Orozo, da ke kan hanyar Nyanya zuwa Karshi a Babban Birnin Tarayya, ba ya kusa da teku, don haka iskarsa ba ta ɗauke da gishiri irin na Legas. Duk da haka tsatsa na cin motoci a yankin, kuma sau da yawa da ita motar ta shigo ƙasar.

Tsatsa na samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuwa yana ƙara mata sauri. A arewacin Amurka da Kanada da sassan Turai ana watsa gishiri a tituna lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara. Motar da ta shekara goma a can kafin a kawo ta a matsayin 'yar Beljiyam tana iya zuwa da fenti mai sheƙi, alhali ƙarƙashinta ya ciwu. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma, taɓon jar ƙasa na layukan unguwannin da ba su da kwalta yana maƙalewa a saman tayoyi da ƙarƙashin ƙofofi, ya riƙe laima, ya ƙarasa ɓarnar.

Saboda haka duba na farko a ƙarƙashin mota ake yin sa, a kan ramin bakanike, da tocila a hannu. Jan tsatsa na sama-sama a jikin salansa ba abin tsoro ba ne. Wanda ke ɓarewa kamar ɓawon itace a ƙarfen da ke ɗauke da motar, ko a bututun man birki, shi ne haɗari ga rai. A ɗaga kafet, a fitar da safaya taya a duba ramin but. Warin rima ko busasshen taɓo a wurin alama ce ta motar da ambaliya ta taɓa shanyewa. Ɗan maganaɗisu yana tona inda fanalbita ya cika da fila, domin ba ya kamawa sosai a wurin. Baƙin fenti sabo fil a ƙarƙashin tsohuwar mota ma abin tambaya ne.

Sunan kamfani ba garanti ba ne. Toyota, duk da shaidar ƙarko da ake yi masa, a 2016 ya amince da sasancin da ya kai kusan dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar ƙarƙashin motocin Tacoma da Tundra da Sequoia. Abin da ya fi ba Corolla da Camry fifiko a nan shi ne kayan gyaransu na samuwa a kasuwar kanikawa ta Apo, kuma kusan kowane bakanike ya san injinsu. Tsohuwar Honda Accord ko Golf mai lafiyayyen ƙarfe ta fi Camry da ta ruɓe daga ƙasa, domin inji ana sauya shi, ruɓaɓɓen ƙarfe kuwa sai faci.

Bayan saye, a riƙa wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai ƙarfi a damina, a buɗe ƙananan ramukan zubar ruwa na ƙasan ƙofofi, a rufe duk inda fenti ya ɓare tun da wuri. Fesa baƙin mai da wasu ke yi yana tara ƙura, yana kuma lalata robobi.