Kai Agajin Ambaliya a Ƙauyukan Arewacin Kano

A ƙananan hukumomin arewacin Jihar Kano, irin su Dambatta, Makoɗa, Ghari (wadda a da ake kira Kunci) da Bichi, ɓarnar damina takan zo ne wajen watan Agusta: ruwa ya jiƙa katangar ƙasa ta zube, rumbu ya faɗi, gero da dawa su kwanta a gona. Labarin yakan bi tsohuwar hanya. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya sanar da hakimi, shi kuma ya kai wa shugaban ƙaramar hukuma. Daga nan ma'aikata su fita su ƙirga gidaje da gonakin da abin ya shafa, a aika wa hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA. In abin ya fi ƙarfin jiha, sai a nemi hukumar tarayya, NEMA, wadda aka kafa a 1999.

A takarda, kowace daga ƙananan hukumomi 44 na jihar ya kamata ta sami kwamitin agajin gaggawa. Sai dai kwamitin da ba kuɗi, suna ne kawai. Game da kuɗin kuwa, a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.