Zazzaɓin dengi da 'yan'uwansa: haɗarin da ke kan masu kwana a waje a New Bell

Da zarar an ce ciwon sauro, hankalin mutanenmu maleriya yake tafiya. Alhali akwai wasu cututtukan da sauro ke ɗauka waɗanda ƙwayarsu irin wadda likitoci ke kira bairas ce, kuma maganin maleriya ba ya yi mata komai. Uku ne suka shafe mu a Duwala: dengi, da cikungunya, da zazzaɓin shawara.

Sauron da ke yaɗa su shi ne wanda masana ke kira Edis, ɗan ƙarami baƙi mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu. Iri biyu muke da su. Ɗaya ɗan asalin Afirka ne, ɗayan baƙo ne daga Asiya wanda aka fara gani a kudancin Kamaru a shekarar 2000. Sauron maleriya da dare yake cizo, shi kuwa wannan da rana, musamman daga bayan Asuba zuwa hantsi, sannan daga La'asar zuwa Magariba. Ba ya buƙatar fadama. Ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya, ko gwangwani, ko durom marar murfi ya ishe shi, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama sauro. Ƙwan nasa yana jure bushewa watanni, ruwa na taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Wanda ya san damunar Duwala, inda ruwan sama ke haura milimita 3,500 a shekara, ya san bai rasa wurin haihuwa ba.

Cutar ta daɗe a cikinmu. A 2006 an tabbatar da ɓarkewar cikungunya a Duwala. Wani bincike da masanan Cibiyar Pasteur ta Kamaru suka shiga, wanda aka buga a 2014, ya sami alamar tsohon kamuwa da dengi a jinin kashi 61 cikin 100 na waɗanda aka gwada a Duwala, a Garwa kashi 24, a Yawunde kusan kashi 10. A 2023 kuma dengi ya kashe mutum sama da 700 a Burkina Faso.

Tun bayan da Jamusawa suka tayar da mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri gab da yaƙin 1914, New Bell ta zama masaukin baƙi, a nan ne kakanninmu Hausawa suka kafa unguwa da masallaci. Har yau duk wanda ya sauko daga Arewa nan yake fara dosa. A cikinsu akwai wanda bai sami ɗaki ba: 'yan ci-rani masu dako a babbar kasuwa, waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Arewa Mai Nisa, 'yan gudun hijirar Afirka ta Tsakiya, mabarata, wanda aka sako daga kurkukun New Bell bai san inda zai nufa ba, da yaran titi da mutanen gari ke kira nanga boko. Makwancinsu barandar shaguna ne, ko rumfar kasuwa, ko harabar masallaci.

Haɗarinsu ya fi na kowa saboda lokacin da sauron ke cizo suna waje, yawanci ba riga mai rufe jiki, kuma kusa da inda tayoyi da shara suke taruwa. Wanda ya kwana yana gadi ko dako da rana yake barci, a fili. Gidan sauron da gwamnati ke rabawa, wato MILDA, gida-gida ake ƙirgawa kafin a bayar, marar gida ba ya shiga lissafi, ko ya samu ma ina zai ɗaura? Sannan idan zazzaɓi ya kama shi, sai ya sayi maganin maleriya da na ciwon jiki wajen mai tallar magani. A nan babbar matsalar take. Mai dengi bai kamata ya sha asfirin ko ibuprofen ba, domin suna ƙara zubar jini. Farasitamol da yawan shan ruwa ake ba shi.

Dengi yana bayyana kwana 4 zuwa 10 bayan cizo: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwo a bayan ido, ciwon gaɓoɓi, wani lokaci da ƙuraje. Yawancin mutane suna warkewa cikin mako ɗaya ko biyu. Amma lokacin da ya fi tsanani shi ne kwana ɗaya zuwa biyu bayan zazzaɓin ya sauka, lokacin da ake zaton an samu sauƙi. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini daga dasashi ko hanci, ko kasala mai yawa, duk alamu ne na a garzaya asibiti, na gundumar New Bell ko Laquintinie. Mai iyali yana da wanda zai lura da shi a wannan lokaci. Mai kwana a baranda ba shi da kowa, sai dai wanda ya saba ganinsa a sahu ya lura bai tashi ba. Ƙwayar dengi iri huɗu ce, kuma kamuwa ta biyu da wani irin ta fi haɗari. Cikungunya ba ta cika kisa ba, sai dai ciwon gaɓoɓinta yakan kai watanni, wanda ga ɗan dako yankewar abinci ke nan. Shawara kuwa tana da rigakafi, allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

A fahimtarmu kula da waɗannan bayin Allah farilla ce ta kifaya a kan jama'ar unguwa, kuma mafi yawansu suna cikin miskinai da matafiyan da guzuri ya yanke musu, waɗanda zakka ta halatta gare su. Masallacin Annabi (SAW) kansa ya zama masaukin Ahlus Suffa, don haka korarsu daga haraba da sunan tsafta ba mu ga hujjarta ba. Abin da ke hannun kwamitin masallaci shi ne ruwan alwala. A rufe duroma da randuna, a kife butoci bayan salla, a zubar da ruwan ma'ajiya a goge cikinta da buroshi sau ɗaya a mako don ƙwan da ke manne, a kwashe tayoyin da ke kan rufi. Sauron nan ba ya nisa da inda aka haife shi, yawanci bai wuce 'yan mitoci ɗari kaɗan ba, saboda haka wanda ya ciji mai barci a baranda galibi daga harabarmu ko ta maƙwabta ya fito.